Tallan Katifa a Kan Muryar Sahura

Ni da ma can ba na shiri da talla. Ka gama aikinka, ka miƙe ƙafa a ɗakinka kana kallon fim, daidai inda za a faɗi wanda ya yi ɓarnar, sai wani ƙato ya faɗo maka da maganin basir, ba ko sallama. Naila ta sha yi mini dariya idan na fara zagin talabijin. Takan ce, "Gwaggo, ba fa ya jin ki." In ce mata ai ni ina jin kaina.

Naila 'yar ƙanena Shehu ce, ni na riƙe ta a gidanmu da ke Samaru tun tana shekara biyu, lokacin da uwarta Sahura ta rasu. Ita ce 'yar farin Sahura, ita ce kuma ta ƙarshe. Sahura kuwa mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar a gaban mutane ba, ba ta ɗaukarta idan akwai baƙi, ko kuka take yi sai dai ta ɗauke kai ta bar wata ta ɗauka. Mu a wurinmu abin yabo ne, haka muka ga iyayenmu na yi da ɗan fari. Matan unguwa suka riƙa ba Naila wannan labari tana tasowa, su a ganinsu yabon uwarta suke yi. Ita kuwa abin da ta ɗauka daban. Tana aji uku na sakandare ta taɓa tambayata, tana wanke-wanke ba ta ko kalle ni ba, wai anya uwarta ta so ta kuwa.

Na ce mata ta bar maganar banza. Amma na san wani abu da ban faɗa ba.

Ranar sunan Naila, Shehu ya ɗauko wani ɗalibi mai ɗaukar bidiyo. Da la'asar hadari ya haɗu, aka ɗauke wuta, ɗakin mai jego ya yi duhu ɗulum. Ɗalibin ya ajiye na'urarsa a kan kabad ya fita neman janareta, matan kuma suka ruga tsakar gida kwashe tukwane kafin ruwa ya sauko. Ashe bai kashe na'urar ba. Bayan mako guda aka kawo kaset, muka zauna ni da Sahura mu biyu muna kallo. Da aka zo wurin duhun sai muka ji muryarta, ƙasa-ƙasa, tana cewa, "Ke, buɗe idonki in gani." Ban ji na gaba ba, don tsalle ɗaya ta yi ta fizge waya daga bango. Ta riƙe hannuna ta ce in rufa mata asiri don Allah, kada kowa ya ji. Na yi ta yi mata dariya, na kuma yi alkawari.

Bayan rasuwarta Shehu ya kulle kaset ɗin a akwati, bai ƙara yarda an taɓa shi ba har shi ma ya bi ta bara waccan. Sai bana da aka sa ranar auren Naila, muna fitar da tsofaffin kaya, muka same shi a ƙarƙashin takardunsa na aiki. Na juya shi a hannuna, na ga alkawari dai na yi wa mamaciya, amma mai rai ce a gabana, kuma saura wata guda ta bar gidan. Na zaunar da ita na gaya mata akwai wuri a ciki da uwarta ta yi mata magana, ita kaɗai, a cikin duhu. Ta tashi ta nemo leda ta naɗe kaset ɗin har sau biyu.

Injin kallon kaset kuwa ko a gidan wa za ka same shi yanzu? Aka ce mana akwai wani a Sabon Gari, wajen PZ, mai juye tsofaffin kaset zuwa filas, ɗan abin nan da ake soka wa talabijin ko kwamfuta. Muka hau keke napep washegari, ran Litinin, da hantsi.

Sunansa Nwankwo, mutum mai furfura a gemu, haihuwar Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu jikokina. Shagon ƙarami ne, a matse tsakanin mai sayar da sifiku da mai katifa, kiɗan maƙwabcinsa har cikin haƙorana nake jin sa. Ya buɗe murfin kaset ɗin ya leƙa, ya girgiza kai.

Ya ce, "Mama, danshi ya ci wannan. Kin ga farin nan? Sau ɗaya zai bi ta cikin inji, in ya bi. Bayan nan sai dai shara."

Na ce sau ɗayan muke so.

Naila ta taɓa ni da gwiwar hannu, ta raɗa mini in gaya masa zancen wurin duhun. Na harare ta. Ta yaya zan tsaya a kasuwa, a gaban namijin da ban sani ba, in ɗaga murya sama da kiɗa in ce matar ƙanena ta yi wa 'yar farinta magana a ɓoye? Na riga na karya alkawari sau ɗaya a cikin ɗaki, ba zan karya shi a bakin titi ba. Na ce masa kawai ya juye komai, kada ya yanke ko kaɗan. Ya ce shi ba ya yanke aikin mutane, mu dawo ran Alhamis.

Naila ce ta karɓo ran Alhamis. Muka yi sallar la'asar, muka rufe ƙofa, ta soka filas ɗin a bayan talabijin. Ga tsakar gidanmu nan kafin a yi siminti, ga ragon suna, ga Shehu da gashinsa baƙi wuluk yana ta washe baki. Ga ni nan ma, da wani ɗaurin ɗankwali da ban san wanda ya ba ni shawarar yin sa ba. Sai aka shiga ɗakin mai jego. Sahura na zaune a bakin gado, lulluɓe, kanta a ƙasa, jaririyar tana hannun wata tsohuwa. Aka yi ta tsokanarta ta ɗago, ta ƙi. Naila ta matsa har gwiwarta na taɓa teburin talabijin.

Na ce, "Yanzu za a ɗauke wuta."

Aka ɗauke. Allon ya yi baƙi kamar na ƙiftawar ido, sai ga katifu jere, ja da shuɗi, ga kiɗa, ga wani mutum yana ihu: katifar Akinola, kwanta ka manta da gajiya, ku same mu a PZ, Sabon Gari. Ya karanto lambar waya. Tallan ya ƙare, ya sake farawa daga farko. Sau huɗu yana yi. Da ya gama na huɗun sai ga ɗakin Sahura da haske, mata sun dawo da jiƙaƙƙun zannuwa, ita kuma kanta a ƙasa kamar yadda aka bar ta.

Naila ta ɗauki rimot ta mayar baya. Katifar Akinola. Ta sake mayarwa. Ni kam na ji zuciyata ta tafasa har kunnuwana suka yi zafi, na tashi na ɗauki mayafina, na ce ta taso.

Muka samu Nwankwo yana cin gyaɗa a ƙofar shago. Ban gaishe shi ba. Na ce wane ne ya aike shi ya zuba mana katifa a cikin sunan 'yarmu. Ya dube ni da mamaki na gaskiya, wannan ya ƙara ba ni haushi. Ya ce ai kowane aiki da ya fita daga shagon nan da tallan maƙwabtansa yake fita, duk masu wannan sana'a haka suke yi, kowa ya sani. Sai dai wasu a kan fuskar amarya suke ɗora shi, wasu a tsakiyar addu'a. Shi kuwa shekara ashirin ke nan bai taɓa rufe fuskar mutum ba. Zama yake ya bi aikin daga farko har ƙarshe, ya nemo inda babu hoto, inda mai ɗauka ya haska ƙasa ko wuta ta ɗauke, a nan yake sakawa.

Ya ce, "Naki ma na ji daɗi da na samu wurin. Minti huɗu cur, duhu ne kawai, babu kowa."

Naila ta ce, "Akwai magana a ciki."

Ya nuna bangon mai sifiku da babban yatsa. Ya ce shi da ido yake aiki, ya daɗe da daina kunna sauti a shagon nan don ba abin da zai ji. Sannan ya tambaya maganar wa ce. Wannan karon na faɗa, a bakin titi, da ƙarfi, har mai katifar ya leƙo. Abin da na kasa faɗa ran Litinin da zai yi amfani, na faɗe shi ran Alhamis da ba shi da amfanin komai.

Nwankwo ya ajiye gyaɗar. Ya shiga ciki ya zauna gaban kwamfuta, ya yi ta buɗe wurare yana rufewa. Ya ce injin nasa ba shi da wuri, idan ya gama aiki yakan goge na asali ya ɗora na wani, kuma jiya ya juye bikin wani coci a kai. Ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur ya fito da kaset ɗinmu. Zaren ya tsinke gida uku, baƙin da ke jikinsa yana zuba a hannu kamar toka. Ya ce, "Mama, da kin gaya mini." Na kau da kai, don gaskiya ya faɗa, kuma ba na son gaskiyar a lokacin.

Ya karɓi filas ɗin ya sake dubawa, ya daɗe. Can ya ce shi ba ya cire sautin asali, danne shi yake yi ƙasa ya ɗora tallan a kai, don haka muryar tana nan a ƙarƙashi, sai dai sun riga sun haɗe, ba mai raba su. Amma a kowane zagaye, kafin mutumin ya karanto lambar waya, kiɗan yakan tsaya ya ja numfashi. Bai kai daƙiƙa biyu ba. Ya yanko wuraren nan huɗu tare da abin da ke gefensu, ya ƙara musu ƙarfi iyakar yadda injinsa zai iya, ya tura wa Naila a waya. Har bakin keke ya rako mu yana ba da haƙuri. Garin neman gira dai an rasa ido, kuma ni da shi muka haɗu muka rasa shi.

Tun daga ranar Naila ta shiga sauraro. Ana kawo kayan ɗaki, ƙawayenta na zuwa da zancen anko, ita tana gefe da iyafis a kunne. Tana tsintar shinkafa da shi, tana guga da shi. Wata rana na ji ta a madafa tana karanto lambar wayar mai katifa ba ta ma san tana yi ba. Na so in ce ta bari haka, sai na ga ba ni da bakin faɗa.

Ana saura kwana uku a fara biki, da safe, ina shara a tsakar gida, ta fito da sauri ba ko ɗankwali. Ta ce na ukun ne, in saurari na ukun, bayan ya ce Sabon Gari. Ta ce sunanta ne. Ta ce ta ji shi sarai, Naila, har da yadda aka ja ƙarshensa.

Na jingine tsintsiya na zauna a kan turmi. Ta saka mini abin a kunnuwa biyu da hannunta, ta durƙusa a gabana ta danna. Kiɗa, katifa, PZ, Sabon Gari, sai ɗan shiru mai shuuu, kamar ruwa a kan kwano, sai ya fara lambar waya, sifili takwas. Na ce ta sake. Ta sake. Na rufe ido na tattara duk abin da ya rage mini na ji, na nemi muryar nan da na sani shekara ashirin da biyar da suka wuce. Akwai wani abu a wurin, ban musa ba. Zai iya zama mace, zai iya zama ruwan saman ranar, zai iya zama ƙofa. Na ce ta ƙara sau ɗaya.

Da na buɗe ido tana kallon bakina, hannunta a kan gwiwata. Duk duniya ba wanda ya rage da ya san muryar Sahura sai ni, ita ma ta san haka.

Na cire abin daga kunnena na miƙa mata. Na ce, "Ita ce. Sunanki ta kira."

Ta kifa kanta a cinyata. Na bar ta ta yi kukanta, ina shafa bayanta, ina roƙon Allah a zuciyata ya sa ban yi ƙarya ba.