Motar Hedimasta a Bakin Ƙofa

Sau huɗu ke nan Injiniya yana danna allon motar da babban yatsansa, allon bai ce masa uffan ba. Baƙi ƙirin kamar bayan tukunya. Inji na aiki, fanka na hura masa iska mai zafi a fuska, amma ba halin sa giya, don a wannan motar giya da birkin hannu duk cikin allon aka cusa su.

"Ta tashi?" matar Hedimasta ta tambaya daga ƙofar falo, mayafinta a hannu.

"Ta tashi, Yaya. Tafiyar ce ta ƙi."

"To in aika Tela ya nemo tasi? Numfashin Hedimasta sama-sama yake yi."

"Ba ni minti biyu. Na san ciwonta."

Shekara goma sha tara suna gida ɗaya, Hedimasta da matarsa a ƙasa, shi a sama. Ba injiniya ba ne, mai gyaran wutar mota ne, Hedimasta ya laƙaba masa sunan don tsokana har ya bi shi. Tsakar gidan doguwa ce siririya, ƙofa ɗaya, mota biyu a jere. Tsohuwar akori-kurar Injiniya na ciki, ta Hedimasta na bakin ƙofa. Injiniya da kansa ya tsara haka, wai don mai ciwon zuciya ya fi kowa bukatar fita da sauri.

'Yar Hedimasta ce ta saya wa mahaifinta motar, ta hannu, shekara uku da suka wuce. Bana allon ya fara kumbura ta gefe-gefe, yana danna kansa da kansa, rediyo ya kunnu ba wanda ya taɓa shi. Kamfanin motar suka ce su ba sa gyaran allo, sai dai a sake shi ɗungurungum, ga shi an daina ƙera irinsa, a jira wata biyu. Makon jiya Injiniya ya kwance shi a kan teburin cin abinci, ya goge wayoyin nan masu kama da gashin jariri, ya mayar, allon ya kawo tas. Har ƙirji ya buga.

"Zai kai ku har sabon ya zo," in ji shi.

Yanzu ya fito da gudu ya ɗaga bonet, ya cire kan batir, ya ƙirga talatin, ya mayar. Ya koma ya tayar. Allon ya yi wani ɗan haske shuɗi, sai hasken ya ɗauke. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya zazzare fiyus ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su ga rana. Duk lafiyarsu ƙalau. Shekara talatin da biyu yana wannan sana'a, a da ko da ƙusa da guntun waya sai ya ta da mota. Yau ga sufana, ga sukundireba, ga na'urar awo, babu wanda ya san hanyar shiga cikin gilashi.

Ya kira kamfanin, wayar maƙale a kafaɗa. Wata yarinya mai sanyin murya ta ce ya kawo motar a duba.

"Da me zan kawo ta, 'yata? A kai zan ɗauko ta? Haɗa ni da makanike."

Makaniken ya zo kan layi yana tauna wani abu.

"Ɗan'uwa, yaya ake sa ta a firi don a tura ta in allo ya mutu?"

"Wace shekara ce?" Injiniya ya faɗa masa. "Wannan ba ta da igiyar saki, sai da kwamfutarmu. Gobe da safe a turo maka mutum."

"Mutum ne ke mutuwa a gidan."

"Allah ya ba shi lafiya, Baba. Wallahi ba abin da zan iya daga nan."

Ya jefar da wayar kan kujera ya leƙa titi. Hantsi ne, duk mai mota a layin ya tafi aiki. Ya ƙwala wa maƙwabtansu Tela da Mai Burodi kira, suka zo har da wani mai wucewa da ba wanda ya san shi. Su huɗu suka sa kafaɗa a bayan motar. Taya ta yi ƙara a kan siminti, motar ta girgiza ta koma mazauninta. Suka sake, takalmin Mai Burodi ya tsinke. Ko taku ɗaya ba ta matsa ba. Ga akori-kura can ciki, makulli a jiki, tankinta cike, tana kallonsu.

"Injiniya," matar Hedimasta ta ce, wannan karon a hankali. "Minti biyun sun yi."

Ya duba agogo. Minti ashirin da biyar.

Tela ya ruga babban titi neman tasi. Injiniya ya shiga falo. Hedimasta na kishingiɗe a doguwar kujera, rigarsa sharkaf da gumi, leɓensa ya yi toka-toka, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Ɗalibar taka ta ƙi jin magana?"

"Ta ƙi, Malam."

"Ai na ce maka ba a dukan 'ya'yan zamani."

Suka ɗora shi a kujerar roba za su fita da shi, kujerar ta ƙi wucewa tsakanin mota da ginshiƙin ƙofa, wurin sai mutum ya karkata yake bi. Suka dawo da shi, suka shimfiɗa zanen gado, suka kama kusurwa huɗu, suka ɗaga shi ta saman bonet mai zafi. Silifas ɗinsa ɗaya ya faɗi ƙarƙashin mota, ba wanda ya tsaya ɗauka.

A tasi matar ta zauna gaba tana ta ce wa direba ya yi sauri don Allah. Kan Hedimasta na bisa cinyar Injiniya. Motoci sun cushe a mahaɗa, direba ya kwanta a kan oda, ya hau gefen titi.

"Injiniya." Muryar ta yi siririya. "Ka kashe ta kuwa? Mai na ƙonewa."

Bai kashe ba. Tana can tana aiki ita kaɗai, ƙofarta a buɗe.

"Na kashe, Malam."

"Yauwa."

Daga nan bai ƙara magana ba. Ana hango ginin asibiti Injiniya ya ji kan da ke cinyarsa ya ƙara nauyi. Bai gaya wa matar ba. Ya ci gaba da yi masa fifita da hularsa har suka shiga ƙofa, ma'aikata suka zo da gado mai taya.

Da likita ta fito ta gama magana da matar, ya tare ta a baranda.

"Likita, da mun zo da minti ashirin da biyar kafin haka fa?"

Ta dube shi, ta dubi baƙin mai a hannunsa. "Baba, zuciyar ta daɗe da gajiya. Ba zan ce maka i ba, ba zan ce a'a ba."

Kwana tara motar na nan a bakin ƙofa. Duk mai zuwa gaisuwa sai ya karkata ya bi ta gefenta, tsofaffi ana riƙe musu hannu. Injiniya ya daina fita aiki. Ya je ya durƙusa gaban matar zai yi magana, ta riga shi.

"Kwanansa ne ya ƙare. Tashi, ƙanena, kada ka sa ni kuka."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Sai ran na goma mutumin kamfani ya zo da kwali da kwamfuta. Cikin kwata ɗaya ya cire tsohon allo, ya sa sabo, ya ba da takarda aka sa hannu, ya tafi. 'Yar Hedimasta ta miƙo wa Injiniya makulli, idonta a kumbure.

"Kawu, fitar mana da ita. Mama ba ta son ganinta."

Ya shiga ya rufe ƙofa, ya taka birki, ya tayar. Allon ya kawo haske tas. Sai kujerar ta fara ja da baya da kanta, a hankali, da ɗan gurnani, madubai suka juya, sitiyari ya ɗaga, komai ya koma daidai tsawon mai ita. Ƙafar Injiniya ta rabu da birki. Ya zauna a haka, hannuwansa bisa gwiwa, ƙafafunsa ba su kai ko'ina ba.