Kujerar Husaina

"Don Allah taka mana, Malam!" in ji Ashiru, karo na uku tun daga Gyaɗi-Gyaɗi. Mai Adaidaita Sahun ya nuna masa cunkoson da ke gabansu da haɓa. Ina hanya? Ashiru ya dire, ya nufi Tarauni a ƙafa, garin katako duk a gaban rigarsa.

Shi fa ya jawo. 'Yarsa Husaina tana aji biyu a ƙaramar sakandare, aka ba su aikin ƙera kujera 'yar tsugunno. Malaminsu ya gindaya sharaɗi: duk aikin da aka ga hannun babba a ciki, sifili ne. Mako biyu yarinyar nan tana fama a tsakar gida, ta hana uban ko miƙo mata guduma. Kujera ta fito ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. To, kafintan shekara ashirin ne zai ga wannan ya kau da kai? Yana dawowa daga masallaci da asuba ya zare ƙusoshin, ya daidaita ƙafafun, ya goge ta sumul, ya mayar cikin buhu. Ita kuwa ta sungumi buhunta ta wuce, ba ta duba ba.

Da hantsi matarsa Talatu ta bugo masa waya. "Baban Husaina, me ka aikata? An ce Husaina ta yi ƙarya a makaranta, ita kuma sai rantsuwa take yi."

Ya tarar da Husaina tsaye a gaban aji, idanu jawur, kujerar na kan tebur tana sheƙi. Kunya ta kama shi.

"Malam, yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Ni ne. Wallahi ba ta sani ba."

"Baba!" Abin da ta iya cewa ke nan.

Malam Inuwa, malamin nasu, ya jinjina kai. "Na yarda. Amma wannan kujerar ba tata ba ce. Makin me zan ba ta?"

"Malam, a ba ni katako in yi wata yanzu," in ji Husaina. Ko kallon ubanta ba ta yi ba.

Aka ba ta guntayen katako, aka ce ta gama kafin a tashi. Ashiru ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya je bakin ƙofar makaranta ya dawo. Ya sayi ruwan leda, bai sha ba. Ya leƙo ta taga, ya ga yadda ta riƙe zarto, ransa ya ɓaci.

"Ke, kwantar da hannun..."

Malam Inuwa ya yi gyaran murya. Ashiru ya haɗiye sauran.

Ƙusa ta lanƙwashe, ta zare ta sake wata. Ta bugi yatsa, ta tsotse, ta ci gaba. Can sai ya ga ta jera ƙafafun huɗu wuri ɗaya, ta ja musu layi guda kafin ta yanka. Ikon Allah! Ba shi ya koya mata wannan ba.

Ana kiran azahar ta gama. Kujera dai ga ta nan, ba kyan gani, kan wata ƙusa ma a waje.

"Gwajin ɗaya ne, ta ɗauki babban mutum," in ji Malam Inuwa. "Malam Ashiru, bismilla."

Ashiru ya zauna a hankali. Ya kafe ƙafafunsa a ƙasa, ya ɗora duk nauyinsa a kansu, kujerar tana taɓa shi ne kawai. Yara suka fara tafi. Malam Inuwa ya ɗauki biro.

"Baba," in ji Husaina, murya ƙasa-ƙasa, "ɗaga ƙafarka."

Ya dube ta. Ba wasa a fuskarta. Ya runtse ido, ya ɗaga ƙafafunsa duka biyu.

Kujerar ta yi 'yar ƙara, ta ɗan karkata, ta tsaya.