Jirin Malam Badamasi

Malam Badamasi ya ɗago daga sujada ta biyu ya yi kabbara, amma kafin ya gama miƙewa sai bangon masallacin ya karkata. Duhu ya rufe masa ido, kunnuwansa suka ɗauki ƙara kamar ta injin niƙa. Ya kai hannu zai dafa bango, bai same shi ba. Hamadu ladan, wanda ke bayansa a sahun farko, shi ya tare shi ya zaunar da shi, sannan ya matsa gaba ya ƙarasa wa jama'a sallar Azahar.

Shekara goma sha tara yana limanci a wannan ƙaramin masallaci na unguwar New Bell a Douala, wanda ke maƙale tsakanin shagunan teloli. Jirin ya daɗe yana zuwar masa, amma bai taɓa kayar da shi a gaban mutane ba sai yau.

'Yarsa Lauratu ta baro ofis a Bonapriso a kan benskin, babur ɗin haya, gyalenta duk ya jiƙe da gumi. Ta same shi a ƙofar gida yana cewa masu sannu ai ba komai, santsin darduma ne. Ta tsayar da taksi suka nufi asibiti.

Likitan da ke duba zuciyarsa, Dakta Ɓoɓɓo, Bafulatani ne daga arewa, yana jin Hausa. Ya auna jininsa yana kwance, ya sa ya miƙe ya sake aunawa, ya danna ƙaurinsa da yatsa. Wurin ya loɓa, ya daɗe bai ciko ba.

"Malam, gishiri fa?"

"Wata huɗu rabona da shi. Uwar Lauratu ko dunƙulen magi ba ta sa min. Na bar goro, na bar shayi mai kauri. Da yamma ina takawa har bakin kasuwar Nkololoun in dawo, yadda ka ce."

"Yau me ka ci?"

Malam ya dubi ƙasa. "Yau Alhamis."

"Baba!" in ji Lauratu. "Azumi kake? Ka ce min ka daina."

"Maganin fitsarin kuma?" likita ya tambaya.

Malam ya faɗi gaskiya. Idan ya sha ƙwayar da safe, alwala ba ta zama, yana tsakiyar karatu mara za ta matsa masa. Saboda haka yakan tsallake kwana biyu, har ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara, sai ya haɗa biyu ya haɗiye. Yau da sahur biyun ya sha.

Likita ya ajiye biro. "Ƙwaya biyu, ba ruwa, ga zafin Douala, ga tashi daga sujada da sauri. Dole jini ya kasa isa kanka. Azumin nafila ya ƙare, Malam. Magani kullum, a kan lokaci. In za ka tashi, ka fara zama tukuna, ka ƙirga goma."

"In na kiyaye duk wannan, jirin zai tafi?"

Dakta Ɓoɓɓo ya juya wajen Lauratu ya koma Faransanci, murya ƙasa ƙasa. Malam bai yi makarantar boko ba, amma a Douala aka haife shi. Ya ji lokacin da likitan ya ce zuciyar ta ƙara rauni a kan hoton da aka yi bara, ya kuma ga yadda Lauratu ta matse jakarta.

"Faɗa min da Hausa, Dakta."

"Zai ragu. Ba zai tafi ba. Zuciyar ta gaji, kuma maganin da ke riƙe da ita shi ma yana kawo jiri. Ba ni da wanda zan cire."

"Sallah fa?"

"A zaune. Kai ka fi ni sanin ya halatta."

"Ya halatta," in ji Malam. "Amma ba a gaban sahu ba."

A hanyar dawowa suka maƙale a cunkoso. Lauratu ta sayi ruwa ta taga ta miƙa masa. Ya riƙe gorar, sanyinta na ratsa tafinsa, saura awa guda a sha ruwa.

"Baba, don Allah."

Ya buɗe ya kurɓa sau uku, ya mayar mata, ya juya fuska wajen taga. A haka suka iso gida.

Matarsa Nana Hadiza ta shimfiɗa masa tabarma ta ce ya yi Magariba a ɗaki. Ya ƙi. Ya sake alwala a zaune, ya ƙirga goma, ya tashi. Masallacin taku arba'in ne daga gida, sau biyu ya tsaya yana dafa rumfar wani tela.

Hamadu ya tayar da iƙama, mutane suka buɗe masa hanya kamar kullum. Malam ya tsaya a bakin ƙofa. Ya hango Salman, ɗalibinsa da ke sayar da kayan waya a kasuwa, ya yafito shi da hannu.

"Shiga gaba."

"Malam, ni? Kana nan?"

"Shiga, lokaci na wucewa."

Wani ya ɗauko farar kujerar roba daga shagon tela ya ajiye a ƙarshen sahu na uku, kusa da takalma. Malam ya zauna, ya yi kabbara tare da kowa.

Salman ya fara karatu. A raka'a ta biyu ya ɗauko sura mai tsawo, ya kai tsakiya ya tsallake aya, ya tsaya, ya koma baya, ya sake kakarewa. Masallacin ya yi tsit. Duk sun san daga wa gyara ke zuwa. Malam ya buɗe baki, ayar na kan harshensa, ya ja numfashi, numfashin bai isa ba. Ya sake ja. Abin da ya fito ko na kusa da shi bai ji ba.

Daga sahun farko Hamadu ya karanto ayar. Salman ya karɓa ya ci gaba.