Gawar Anselme Mai Wasiƙa

Désiré, mai kula da injin buga littattafai, ya zaro takardar farko daga bakin injin, ya shimfiɗa ta a kan teburin dubawa, ya kunna farar fitila, sannan ya ja da baya yana goge hannu da tsumma. Bai ce uffan ba. Godelieve Stroobants ta lura da shirun, domin Désiré ba ya shimfiɗa takarda bai tsokani wani ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan tana zuwa maɗaba'ar nan ta bayan garin Nivelles ranar buga sabon littafin Anselme Mai Wasiƙa. Labarin zane ne, ita ce kuma editarsa. Za ta duba launi, ta sa hannu a gefen takarda, sannan a saki inji. Muddin ba ta sa hannu ba, Désiré ba ya danna komai.

Littafin bana na daban ne. Ciniki ya daɗe yana ja da baya, sai Thibault Wautelet, jikan wanda ya kafa kamfanin, ya yanke cewa a kashe Anselme. Baƙin bango, kowane kwafi a rufe cikin leda. Jaridu sun riga sun yayata: ranar Juma'a, mai raba wasiƙun nan da ya shekara arba'in da shida yana zaga duniya a kan keke zai mutu. Sai dai mutuwar ta 'yan kasuwa ce. Zai faɗa teku daga kan gada, a ga hularsa tana yawo a kan ruwa, shi ke nan. Duk mai karanta labarin zane ya san ƙa'idar: in ba a nuna gawa ba, ba a mutu ba. Bayan shekara biyu Anselme zai dawo a hannun wasu sababbin masu zane, tunda hannun Odilon Piérard, wanda ya ƙirƙire shi, ya fara rawa.

Odilon na zaune a kujerar gefe, bai ko cire kwat ba, hannunsa na dama a cikin aljihu.

Godelieve ta sunkuya a kan shafin ƙarshe. Babu hula a kan ruwa. Ga Anselme kwance a kan yashi, idanu buɗe, wata matar masunci tana rufe masa su. Ga shi a cikin akwatin gawa, fuskarsa a fili, mutanen ƙauye sun kewaye shi. A zanen ƙarshe kabari ne, keken jingine da shi, jakar wasiƙu a rataye, babu komai a ciki. Ta bi layukan da ido. Ko ɗaya bai karkace ba.

"Odilon," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Wannan ba shi ne shafin da na aiko ba."

"Na yi ɗan gyara."

"Ɗan gyara? Mutum ka binne."

"An ce in kashe shi. A garinmu in mutum ya mutu binne shi ake yi."

Ta juya ga Désiré. "Kai kuma ka yi masa sabon farantin bugu, ba ka kira ni ba?"

"Madam, shekara talatin tsohon nan yana shigo mini da gyara a ƙarƙashin kwat ana gobe bugu. Wata shekara gashin baki ne, wata shekara jelar kare. Yaushe na taɓa kiran wani? Ni tawada na sani, ba na karanta labari."

"Ƙarya kake."

"Ƙarya nake," in ji Désiré. "Sau uku na karanta."

"Tsohon farantin fa?"

"Yana nan. Minti ashirin in ɗora shi. Amma ki sani, takardar nan mai kauri da maigidanku ya yi oda, ta bugu ɗaya ce tak. Abin da ya hau kanta ya hau. Wata ba za ta iso ba sai bayan wata guda."

Ta sani. Ita ta yi odar.

Ta jawo kujera ta zauna kusa da Odilon. Ruwan sama na bugun rufin kwanon a hankali. Ta daɗe da gane cewa in ana son tsohon ya yi magana, shiru ake yi masa.

"Ina da shekara ashirin da takwas na sa wa kakan Thibault hannu a takarda," ya ce daga bisani. "Tun ranar, a gaban doka Anselme ba nawa ba ne. Ban taɓa ƙorafi ba. Amma na ga abin da sababbin suka zana, Godelieve. Sun ba shi bindiga. Sun ba shi babur. Mutumin da bai taɓa marin kowa ba."

"Na gani."

"Kwana goma sha tara na yi a kan shafin nan. Sa'a ɗaya kullum da sassafe, kafin hannun ya farka da rawarsa." Ya fito da hannun daga aljihu, ya aza a gwiwa. Yana karkarwa kamar ganye. "Ba ni da wasu kwana goma sha taran."

"Ka san sunan wa zai hau takardar nan?"

"Naki."

"Shekaruna hamsin da takwas. Ni aka yi wa alkawarin riƙe sabon Anselme ɗin. In na bar gidan Wautelet, wa zai ɗauke ni?"

"Ba kowa," ya ce. "Shi ya sa ban roƙe ki ba."

Wayarta ta yi ƙara. Thibault ne. Ta duba sunan har ƙarar ta kusa yankewa, sannan ta ɗauka.

"Godelieve, mun maƙale a hanyar fita Brussels, ni da mai ɗaukar hoto. Motoci ko motsi. Yaya takardar?"

"Baƙin ya zauna sosai. Shuɗin tekun ma ya fito."

"Madalla. Gwanin namu fa? Bai yi kuka a kan takarda ya ɓata mana ita ba?"

"Yana zaune."

"To ki sa hannu, kar ku jira ni. Akwai wata matsala?"

Désiré ya daina goge hannu. Odilon na kallon takalminsa. Kalma ɗaya Godelieve za ta faɗa, a sauke faranti, hula ta koma kan ruwa, ita kuma ta koma ofishinta mai kallon tashar jirgin ƙasa.

"Za ka gani in ka iso," ta ce, ta kashe wayar.

Ta miƙe ta koma teburin. Ta ɗauki gilashin dubawa ta ɗora a kan fuskar matar masuncin, don aiki dai aiki ne.

"Jan ya yi yawa a kumatunta. Rage shi."

Désiré ya rage, ya zaro wata takardar. Ta duba, ta cire murfin alƙalami, ta rubuta kwanan wata da cikakken sunanta, har da na tsakiya da ba ta taɓa sawa ba.

Injin ya tashi. Ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafarta. Takardu suka fara taruwa, gawa bisa gawa. Ta tsaya tana kallon ƙofa, tana kallon tulin farar takarda yana raguwa.

Ya ragu fiye da rabi lokacin da Thibault ya shigo yana kakkaɓe laima, mai hoto na biye da shi. Ya rungumi Odilon, ya nufi teburin da fara'a. Sai fara'ar ta tsaya. Ya karanta shafin daga sama har ƙasa, ya dubi sa hannun da ke gefe, ya dubi abin da ya saura na takarda. Hannun Désiré na kusa da jan maɓallin tsayarwa, yana jiran umarni.

"Bar injin ya ci gaba," in ji Thibault. Ya ce wa mai hoton ya jira a waje.

Ya sunkuya a kan zanen kabarin. "Ya yi kyau, Gwani. Gaskiya ya fi hular. Za a yi layi har titi saboda shafin nan." Ya miƙe. "Amma kana tsammani gawa za ta hana ni? Sai a ce ɗan tagwayensa ne aka binne. Ko mafarki wani ya yi. An ta da waɗanda suka fi shi mutuwa."

"Na sani," in ji Odilon. "Ku ta da naku. Duk wanda ya ga shafin nan ya san inda nawa yake kwance."

Thibault ya kau da kai daga gare shi. Ya juya ga Godelieve, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na tambaye ki ko akwai matsala."

"Ka tambaya."

"Ranar Litinin ki kawo mini makullin ofis. Kayanki za a aiko miki gida."

Ta gyaɗa kai. Thibault ya fita ya kira mai hoton, ya tsayar da Odilon a gaban injin, aka ɗauka.

Désiré ya zaro takarda ɗaya daga cikin masu fitowa, ya naɗe ta, ya miƙo mata.

"Riƙe ta gefe, Madam, ba ta bushe ba."

Odilon ya ƙaraso yana neman maɓallin kwat da hannun hagu. Ta maƙale takardar a hammata, ta saka masa shi.

"Da jirgin ƙasa ka zo?"

"Da jirgi."

"Zo in sauke ka. Yau dai ba inda ake jira na."