Tirelar Baba Direba

Da kumfar sabulu a hannu Maman 'Yan Biyu ta faɗa gidan maƙwabcinta, amma kafin ta kai tsakar gida an gama. Babban ɗan Baba Direba na tsugune bakin magudanar ruwa, ya take fukafukan da ƙafa, yana goge wuƙa a jikin farin gashin.

"Wayyo! Tirela ka yanka?"

"Kaza dai na yanka," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Likita ya ce a ba Baba romo."

"Duk kajin kasuwa sun ƙare ne?"

Matarsa ta leƙo daga kicin da tukunyar ruwan zafi. "Ikon Allah! Ga nama a gida, sai a tafi kasuwa? Baiwar Allah, wai ke wace ce a gidan nan?"

Maman 'Yan Biyu ta dube ta. Ita ce wadda ta shekara biyar tana miƙo kwano ta kan katanga. Su kuwa jiya suka sauka, bayan ta gaji da kiran waya tana cewa jikin tsoho ya ƙi.

Tirela buroila ce, kazar gidan gona, irin wadda ake ɗura wa abinci a yanka kafin ta cika wata biyu. Tana 'yar tsako ta faɗo daga motar kaji a bakin titi, tsohon ya tsinto ta a hularsa. Mai sayar da abincin kaji ya yi masa dariya, ya ce irinsu ba a yi su don su rayu ba, ƙiba ce ke karya musu ƙafa, zuciya ta buga. Baba ya ce, "Ni ma haka likita ya ce da ni." Sai ya riƙa auna mata abinci da murfin kwalba, ya haɗa mata da ganye, kullum da safe ya kora ta su zaga gida, shi da sanda, ita tana rangaji kamar motar da aka yi wa lodi fiye da kima. Daga nan ta samu suna. Haka ta haura shekara biyu, har mai abincin kajin ya riƙa kawo mutane kallo.

Maman 'Yan Biyu ta wuce ɗakin ba tare da neman izinin kowa ba. Tsohon na kwance, fanka na kaɗa labule, kwalaben magani jere a kan taga.

"'Yata, ke ce?"

"Ni ce, Baba. Ya jikin?"

"Sun ce wai Tirela ta fita yawo." Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Tirelar da ko dokin ƙofa sai na ɗaga ta."

Ta sunkuyar da kai.

"Na ji kukanta," in ji shi. "Wuƙar gidan nan ba ta da kaifi. Ya daɗe?"

"A'a, Baba. Nan da nan."

Ƙarya ta yi, ya kuma sani. Ya juya fuskarsa bango.

Da azahar surukar ta shigo da kwano yana tururi, ɗan na biye da cokali.

"Baba, daure ka sha, ka samu ƙarfi."

Tsohon ya datse baki.

"Kin gani ko?" ɗan ya ce da matarsa. "Rigimar tsufa. Mutum ya bar 'ya'yansa ya ɗauki kaza ya mai da ita 'ya."

"Ita dai ba ta taɓa barin wayarsa tana ringin ba," in ji Maman 'Yan Biyu.

"Kaza na da waya ne?"

"Ba ta da ita. Shi ya sa take zuwa da ƙafarta."

Ya nuna mata ƙofa. Tana fita ta ga yaransa zaune a tabarma, kowa da cinya a hannu, uwar na mita wai naman ya yi tauri kamar taya.

Baba Direba bai ƙara sa komai a bakinsa ba sai ruwa, shi ma sai in ita ta ba shi. Ranar Laraba da hantsi ya cika, hannunsa cikin nata, ɗan na waje yana waya da dillalin gidaje.

Wajen gaisuwa tana ji yana gaya wa mutane, "Wallahi mun yi iya ƙoƙarinmu. Har kaza na yanka masa da hannuna, ya ƙi ci." Suna ta cewa Allah ya saka masa da alheri. Ta miƙe za ta yi magana, mijinta ya girgiza mata kai daga nesa, ta koma ta zauna tana murɗa bakin mayafi har yatsunta suka yi zafi.

Da ɗan da iyalinsa suka tashi tafiya sai suka ba ta makulli, wai ta riƙa buɗe wa masu zuwa ganin gida. Ta shiga da yamma don ta kwashe kwanukanta. Da ta janye kujerar tsohon daga gindin bangon tsakar gida, sai ta ga wani ɗan kwari a ƙasa, sumul, daidai faɗin cikin kaza, a tsakanin sawun ƙafafun kujerar. Yayyafi ya fara sauka. Ta tsaya da kwanuka a hannu har ramin ya cika da ruwa.