Fil Ɗin Sifirin Baya

Bakaniken na kwance a ƙarƙashin motar ƙanensa da aka janyo daga rami, yana bugun fil, sandar ƙarfen da ke riƙe da sifirin baya, da guduma, sai rabinsa ya faɗo masa a ƙirji. Ya juya shi a hannu. Robar da ke kewaye da shi ta yage kaca-kaca, ƙarfen ya karye gida biyu. Nan take ya gane abin da ya jefa motar a rami.

Shi ya ƙera maƙalan sifirin ɗin da hannunsa, don motar ta ƙara tsayi ta ɗauki kaya sosai. Aikin ya yi kyau, har ya kira maƙwabtan gareji su zo kallo, shi da ba a raba shi da son yabo. To amma fil ɗin da sifirin ke juyawa a kai ba a ɗaure shi mota na kan jak, sai an sauke ta nauyinta ya zauna. Ko sabon shiga ya san haka. Ran nan baki na zuba, hannu na aiki, ya ɗaure fil ɗin tamau tayoyi na reto a sama. Abin da ya yaga robar ke nan har fil ɗin ya karye.

Ya wanke hannu ya hau bas zuwa asibitin da aka kwantar da ƙanen, yana ta shirya yadda zai faɗa masa. Tsoro yake ji, don tun rasuwar mahaifinsu yaron nan bai taɓa musa masa magana ba.

Matar ƙanen ce ta tare shi a bakin ɗaki.

"Yaya, gara da ka zo. Ko ruwa ya ƙi sha."

Ya shiga. An rataye ƙafar hagu da ƙarafa, ƙafar taka kuloci. Likita ya ce zai yi tafiya, amma tuƙi sai dai a manta.

"Auta," in ji shi, "akwai maganar da..."

"Na sani, Yaya." Ƙanen ya kamo hannunsa. "Ka ce kada in cika lodi, na yi kunnen ƙashi. Na ƙara buhuna a sama. Aikin da ka sha wuya a kansa na je na zubar a rami. Kunyarka nake ji wallahi. Ka yafe min."

Matar na tsaye tana share hawaye da gefen mayafi, tana jira. Bakaniken ya buɗe baki, ya dubi ƙafar, ya dubi matar.

"Na yafe," in ji shi.