Tsumma a Maƙogwaron Mota

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Akwai wani tsohon makanike da ciwon asma ya zaunar da shi a gida. Yana da a-kori-kura fara, wadda tun da ya kwanta take ajiye a bayan gida kusa da kejin kaji. 'Yarsa ta ƙarshe, da kowa ke kira Auta, tela ce, amma tun tana ƙarama ya koya mata tuƙi.

Wata rana da azahar, Auta na kan keken ɗinki sai ta ji ihun Inna, mahaifiyarta. Ta tarar da Baba ya dafe bango, baki buɗe, ƙirjinsa na kuka kamar kyanwa. Maganin da yake shaƙa ya ƙare, aka girgiza, aka girgiza, ko ɗigo. Asibiti kuwa yana can bayan tudu. Maƙwabta suka jefa katifa a bayan motar, suka ɗora shi, Inna ta jingina shi da jikinta, aka tura motar ta tashi.

A cikin unguwa, ana tafiya a hankali, lafiya lau. Da suka hau titi Auta ta taka totur, sai motar ta yi gurnani, ta shaƙe, ta riƙa turjewa kamar akuyar da ake ja da igiya. In ta ɗaga ƙafa, ta dawo daidai. In ta taka, ta sake shaƙewa. Suna isa gindin tudu ta ƙi gaba ƙememe, inji na aiki, amma ƙarfi babu.

Inna ta bubbuga gilashin baya. "Ke Auta! Wasa kike da ran ubanki?"

"Inna, ba ni ba ce, ita ce!"

Auta ta fito ta ɗaga bonet. Ta ɗaga wa wata mota hannu, motar cike da buhuna har sama, ta wuce. Ta ɗaga wa wata, ko kallo. Sai ga wani mai faci daga ƙarƙashin bishiya, yana goge hannu da riga.

"Yaya, mai ne ya ƙare."

"Rabin tanki ne!"

"To filtar mai ce ta toshe."

Ya zare ta, ya hura, fetur ya fito tas ba datti. Ya mayar, aka tayar, aka taka, ba abin da ya sauya.

"To fulog ne," in ji shi.

"Ka iya dubawa?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya ni taya na sani."

Auta ta bar shi nan tsaye. Ta zagaya baya ta kalli Baba, leɓɓansa sun soma baƙi, zufa ta jiƙa masa riga. Ta ce, "Baba, ka yafe mini, na rasa yadda zan yi."

Ya yafito ta da yatsa. Kun san mai asma, kalma ɗaya sai ya huta. Ya ce, "Taka."

Ta sa mai faci ya shiga ya taka totur. Baba ya rufe ido, ya karkata kunne. Motar ta yi gurnaninta.

"Hayaƙi... wane... launi?"

Ta leƙa salansa. "Baƙi ƙirin, Baba."

"Mai... ya isa." Ya ja numfashi da ƙyar, ya taɓa maƙogwaronsa, sannan ya nuna gaban motar. "Iska."

Ta ruga gaba ta ɓalle murfin filtar iska, har farcenta ya karye bai dame ta ba. Ta zaro filtar, akwai ƙura, amma ba wadda za ta hana mota tafiya ba. Ta buga ta a taya, ta mayar, aka taka. Haka dai.

"Baba, ba ita ba ce!" Yanzu kam kuka take yi sosai.

Wannan karon bai iya magana ba. Hannu kawai ya ɗaga, ya yi alamar cusa shi cikin rami. Auta ta koma ta bi bututun da iska ke shiga ta cikinsa har bakinsa, ta zura hannu iya gwiwa. Yatsunta suka taɓa abu mai laushi. Ta ja, ta ja, sai ga tsumman atamfa mai furanni, dunƙule, ya sha ƙura.

Inna ta miƙo wuya ta gani, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Zanina ne. Shi ya ce ɓeraye kan shiga nan su yi sheƙa, ni kuma na toshe musu hanya."

"Haba Inna!"

"To ai ba su shiga ba!"

Baba ya so yin dariya, tari ya sarƙe shi, kansa ya langaɓe a kafaɗar Inna. Inna ta fasa ihu. Auta ta jefar da tsumman, ta buga bonet, ta ture mai faci daga kujera. Tana taka totur motar ta yi ƙara ta zabura, ta haye tudun nan a giya ta uku, Auta hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan hon, tana ta kiran sunan Allah.

A ƙofar asibiti ma'aikatan jinya suka ɗauke shi a guje, suka sa masa abin numfashi a fuska. Auta ta zauna a ƙasa jikin tayar motar, tana jira, har wata ma'aikaciya ta fito ta ce mata ƙirjin ya buɗe.

Baba ya yi 'yan kwanaki a asibiti ya dawo gida da ƙafarsa. Inna ta haɗa shi da Allah kada ya ba kowa labarin, shi kuwa duk wanda ya zo dubiya sai ya ji. Mai faci ya koma gindin bishiyarsa. Auta ta ci gaba da ɗinkinta, motar kuma ta zama tata.